Gorunan da suka kwana a sanyi: shekara biyu ina koyon busar da duma a Karolina ta Arewa

A ƙauyenmu da ke kudu da Maraɗi ba wanda yake zaunar da yaro ya koya masa busar da duma. Damina ta sauka a shuka shi a gindin darni ko a gefen gona, ya yi yaɗo ya hau rumbu ya hau rufin ɗaki, kaka ta yi ganye ya bushe, a tsinke 'ya'yan. Masu faɗi a fafe su gida biyu a fitar da ƙwarya da masaki. Masu wuya a yanke musu baki, a ɗura ruwa a ciki har totuwar ta ruɓe, a zuba tsakuwa a girgiza a zubar, a sake ɗauraya har ɗacin ya fita, sannan a kife a rana. Sauran aikin na iskar hunturu ne, wadda take tsage leɓe da diddige, balle ɓawon duma. Da wannan sanin na taso, kuma shi na ɗauko na kawo Amurka ina ganin ya ishe ni.

Ina zaune a bayan garin Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa. Gidan da muka koma yana da fili a baya, kuma maƙwabcinmu wani dattijo ne Bature da ya haura shekara saba'in. Ni dai Baba nake ce masa, ya kuma saba. Ranar da muka tare, abin da ya fara ɗaukar idona a gidansa shi ne dogayen sandunan ƙarfe guda biyu, kowanne da hannuwa a sama, an rataye musu goruna farare tas suna lilo a iska. Na tsaya ina kallo kamar na ga ɗan garinmu a tasha. Na tambaye shi me yake ajiyewa a ciki, ya ce ba shi yake ajiya ba, masu gidajen sun yi tafiya, sai watan Maris za su dawo.

Masu gidajen tsuntsaye ne dangin tsattsewa, sai dai sun fi tamu girma, kuma su ne mafi girma a danginsu a duk Amurka ta Arewa. Mutanen nan suna kiransu matin. Namijin baƙi ne wuluk, in rana ta haske shi sai ya yi ƙyalli shuɗi-shuɗi kamar rinin Kano da ya sha bugu. Suna cin abincinsu a sama suna tafe, ƙudaje da fari da ƙwari masu fiffike. Ana yawan cewa suna ƙarar da sauro, amma wannan zance ne na masu sayar da gidajen tsuntsu, domin su da rana suke kiwo can sama, sauro kuwa da dare yake yawo ƙasa-ƙasa. In sanyi ya gabato sai su bi hanya har Kudancin Amurka, galibinsu Barazil, su dawo in ya wuce. Abin da ya sa lamarinsu ya bambanta shi ne, a gabashin duwatsun Roki, jerin tsaunukan da ke yammacin Amurka, kusan dukkansu sun bar kogon itace, ba sa ƙyanƙyasa sai a gidan da mutum ya tanadar musu. In mutane suka daina rataye gora da akwati, tsuntsayen ba su da wurin zuwa.

Al'adar ta girmi zuwan akwatin ƙarfe da na roba nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1800 masanin tsuntsaye Alexander Wilson ya rubuta cewa ƙabilun Cokta da Cikaso, 'yan asalin ƙasar Amurka, suna sare rassan ƙaramin itace kusa da bukkokinsu su rataye goruna a jiki saboda matin. John James Audubon, shi ma masanin tsuntsaye, a 1831 ya ambaci yadda bayi a jihohin kudu suke rarake gora da kyau su ɗaure ta a kan doguwar kara kusa da ɗakunansu. Wannan na biyun ya daɗe a raina. Mutane ne da aka kwaso su ko iyayensu daga Afirka, da yawansu daga yammacinta, hannunsu ya san duma tun daga gida, kuma a cikin halin da suke ciki suka samu sararin yi wa tsuntsu ɗaki.

Shi kansa duman asalinsa Afirka ne. An samu ɓawonsa a wuraren tono kayan tarihi a nahiyar Amurka da ya kai shekara wajen 10,000, kuma wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa mai yiwuwa ta kan tekun Atlantika ya taso daga Afirka, igiyar ruwa ta kawo shi. An taɓa gwada barin busasshen duma a ruwan teku sama da wata bakwai, aka fasa aka shuka irin ya tsiro. Duk wanda ya ga masunta a Argungu sun kwanta a kan gora suna iyo ba zai yi mamakin wannan ba.

Baba ne ya ba ni iri, na wata gora mai faɗin ciki da gajeren wuya. Na shuka a farkon Mayu, bayan ƙasa ta yi ɗumi. Yaɗon ya cika rabin fili, furanni farare suna buɗewa da yamma kamar yadda na sani a gida. Zuwa ƙarshen Satumba ina da 'ya'ya 19 da nake ganin sun kai.

Kuskuren farko a nan na yi shi. Na ji ana cewa raɓar da take daskarewa ta zama ƙanƙara tana sauka a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, tana kashe duk wani ɗanyen ganye a dare ɗaya. Tsoron kada ta lalata mini amfani ya sa na tsinke su duka a makon farko na Oktoba, alhali yaɗon yana kore shar, mariƙin kowace gora yana da danshi. A gida da ban yi haka ba, domin ko yaro ya san ba a taɓa duma sai mariƙinsa ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Baƙunta ce ta sa na ƙi amincewa da abin da na sani daidai, na kuma riƙe abin da bai dace da wurin ba.

Guda shida na yi musu yadda aka saba. Na huda musu ƙofa tun suna ɗanye, na ɗura ruwa don totuwar ta ruɓe, na kife su a bayan gida ina jiran rana da iska. Ranar ta zo rabi-rabi, iskar kuwa jiƙaƙƙiya ce. Aka yi ruwan sama kwana uku a jere. Ƙudaje suka samu ƙofa a buɗe, ruɓar da nake so ta tsaya a totuwa ta ci har cikin ɓawo. Biyar suka yamutse suka lotsa, ta shidan ta bushe amma bakin ƙofarta ya tsage har wuya.

Sauran 13 na wanke su na jera a cikin manyan kwalaye biyu, na kai gareji kusa da tankin ruwan zafi, da tunanin ɗumi zai hanzarta su. Garejin a rufe yake kullum saboda sanyi. Kafin wata ɗaya wari ya fara tashi. Huɗu sun yi laushi daga inda suka jingina da 'yan'uwansu, in ka danna yatsa sai ya nutse, ruwa mai ɗoyi ya fito. Waɗannan ba gardama, na fitar da su. Sauran tara kuwa suna nan da tauri, amma fumfuna ta rufe su, fara da toka-toka da baƙa, wata kamar gashi.

Ɗanmu na biyu yana da asma, kuma ƙofar garejin tana buɗewa ne cikin kicin. Mai ɗakina ta ce ba za a kwana da wannan abu a gida ba, kuma gaskiyarta ce, har yau ina ganin hukuncin da ta yanke daidai ne. Inda aka samu matsala shi ne fassarar da na yi wa fumfunar. A gida, ƙwaryar da ta yi baƙi-baƙi haka ta lalace ke nan. Na zaɓi biyu da suka fi dama-dama na kai rumfar baya, bakwai kuma na watsa su kan tarin busassun ganye da ciyawa a ƙarshen fili, na cire rai da su. Ruwa ya dake su, ƙanƙara ta kwanta a kansu, sau ɗaya ma dusar ƙanƙara ta rufe su ruf.

A watan Maris Baba ya leƙo ta kan shinge yana gyaran sandunansa, ya hango tarin. Ya ce in miƙo masa ɗaya. Ya ɗaga ta, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya girgiza kusa da kunnensa. Na ji 'ya'yan suna kacau-kacau a ciki. Ya sa farce ya kankare baƙin, sai ga ɓawo a ƙasa launin zuma, santsi, tauri kamar katako. Ya ce, “Wa ya ce maka wannan ta mutu? Wannan ai ta fi waɗanda nake da su kauri.” Cikin bakwai da na zubar, biyar sun bushe lafiya lau. Waɗanda na yi wa hidima sun lalace, waɗanda na yasar suka kai.

Na ɗauki lokaci ina juya wannan a raina, ina kuma yi wa Baba tambayoyi, har na gane abin da yake faruwa. Ɗanyen duma kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. In ba a fafe shi ba, wannan ruwan ba shi da hanyar fita sai ta jikin ɓawo da mariƙi, a hankali, wata da watanni. Yana fitowa yana jiƙa siririyar koriyar fatar da ke waje, fumfuna kuma a kan wannan fatar take ci. Ba ta shiga ƙaƙƙarfan ɓawon da ya nuna. Fumfuna a jikin gora mai tauri alama ce cewa ruwa yana fita. Ruɓa kuwa ana gane ta da laushi da lotsawa da ɗoyi, ba da launi ba. A ƙasarmu ba mu cika ganin wannan matakin ba saboda muna fafewa, kuma iska tana shanye danshin kafin fumfuna ta kafu. Maraɗi tana samun ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, daga nan sai fari ƙal. Girinsboro tana samun ninkin wannan da ɗoriya, kuma a warwatse yake cikin wata goma sha biyu, har da tsakiyar sanyi. Suna ɗaya muke kiran lokutan biyu da shi, hunturu, amma ɗaya busarwa yake yi, ɗayan jiƙawa.

Na kuma gane cewa tun a gona ake sanin gorar da za ta kai. Wadda ta nuna sosai ɓawonta ya riga ya yi itace, sanyi ba ya yi mata komai, ko ta daskare ta narke sau goma. Wadda ba ta nuna ba, ko a ɗakin sarki aka ajiye ta sai ta lotsa. Huɗun da suka ruɓe a kwali duk na ƙarshen yaɗo ne, waɗanda suka ɗauru a makare cikin Agusta. Irin wannan duman yana bukatar kwana 120 zuwa 140 ko fiye kafin ya ƙosa, manyan ma sun fi haka. Abu ɗaya da ƙanƙara take iya ɓatawa shi ne irin da ke ciki, in ya daskare yana jiƙe ba lallai ya tsiro ba. Don haka wanda yake son iri sai ya ware guda ɗaya ko biyu ya ajiye inda ba sa daskarewa.

Na kira Inna na ba ta labari. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Kai ɗan nan, ka tsinke duma mariƙi yana ɗanye? A gidan wa ka ga an yi haka?” Zancen fumfuna da ƙanƙara bai dame ta ba, ba ta san su ba, ba ta kuma yi kamar ta sani ba. Amma a kan nuna ta tsaya, kuma nan ne ita da Baba, da ba su taɓa ganin juna ba, suka yi magana da baki ɗaya.

Shekara ta biyu na shuka da wuri kaɗan, na jiƙa irin kwana ɗaya saboda taurin ɓawonsa. Da yaɗo ya yi nisa na datse kansa don ya yi rassa, domin a rassan ne furen mace ya fi fitowa. Daga tsakiyar Agusta duk ƙaramin ɗan da ya ɗauru sai na cire shi, tunda ba zai kai ba, ƙarfin uwar ya tafi ga manyan. Na sa katako a ƙarƙashin kowace gora don kada ta kwanta a laka, na zaunar da su a kan gindinsu.

Sai kuma jira, wanda shi ne ya fi wuya. Oktoba ta wuce ban taɓa ko ɗaya ba. A makon farko na Nuwamba raɓar ƙanƙara ta sauka, na fito da safe na tarar ganyen duk ya yi baƙi ya langaɓe, gorunan suna zaune tsirara a fili. Na ƙara musu mako biyu har mariƙan suka bushe ƙamas, sannan na yanke da almakashin lambu, na bar wa kowace mariƙi tsawon yatsa. Ba a fizge shi, domin in ya ɓalle daga tushe ya bar rami, ta nan ruɓa take shiga. Na samu 26.

A wannan karon ko kusa da gida ban kawo su ba. Akwai wata rumfa a ƙarshen fili mai rufin kwano, ba bango ta ko'ina. Na samo katakan nan masu tsaga-tsaga da ake ɗora kaya a kansu a manyan shaguna, na ɗora su a kan bulo don iska ta bi ta ƙasa, na jera gorunan da tazarar tafin hannu tsakaninsu, ba wadda ta taɓa wata. Na goge su sau ɗaya da ruwa mai ɗan bilic, sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Wannan yana rage fumfuna ne kawai, ba ya hana ta, kuma da na sake yi a gaba ba na jin zan damu da shi. Duk ranar Asabar nakan je in juya kowace, in danna ta da babban yatsa ta ko'ina, musamman gindi da inda wuya ya haɗu da ciki.

Uku daga ciki na sa musu alama ina auna su a kan ma'aunin banɗaki. Babbar ta fara da kilo 7 da ɗan kai. A Disamba nauyin bai ragu sosai ba, sai launi da ya fara juyawa daga kore zuwa rawaya-rawaya, da ɗigo-ɗigon fari. A Janairu fumfuna ta yi musu lulluɓi, wasu har da zane-zane kamar an yi musu lalle, fatar waje ta fara saɓulewa. A nan ne na karaya a shekarar farko. A wannan karon na danna na ji tauri na wuce. Wani dare sanyi ya yi tsanani har suka daskare kamar duwatsu, da rana ta fito suka yi gumi, ba abin da ya same su. A tsakiyar Fabrairu ƙananan suka fara kacau-kacau. Babbar sai a ƙarshen Maris ta yi magana, kuma a lokacin nauyinta bai kai rabin kilo ba. Akwai wasu biyu da suka bushe sarai amma ba su yi ƙara ba, domin 'ya'yan sun manne da totuwa sun dunƙule, sai da na buga su a tafin hannu suka saki. Saboda haka rashin nauyi da amon ƙwanƙwasa sun fi ƙarar 'ya'ya zama shaida.

Asara ba ta rasa ba. Uku sun yi laushi kafin ƙarshen Disamba, na fitar da su nan take don kada su shafi na kusa. Biyu kuma ɓeraye ko kurege suka huda su suna neman 'ya'yan, abin da ban yi tsammani ba ganin irin ɗacin duma. Daga nan na kewaye katakan da wayar raga. Aka tashi da 21. A cikinsu 12 ne kawai suka isa gidan matin, domin ana son faɗin ciki ya kai inci 8 aƙalla, in ya kai 10 ko 12 ya fi, kaurin ɓawo kuma kada ya gaza rubu'in inci. Matin tana yin ƙwai huɗu zuwa shida, kuma 'ya'yan suna kusan wata guda a ciki har su kai girman iyayensu. A ƙaramar gora cunkushewa suke yi, zafi ya dame su, farcen mujiya kuma ya kai gare su. Ƙananan na ajiye wa wasu ƙananan tsuntsaye masu son ƙofar inci ɗaya da rabi ko ƙasa da haka.

Akwai matsalar lokaci da ban hango ba. Manyan matin suna isowa yankinmu a cikin Maris, manyan goruna kuma, waɗanda su ne aka fi bukata, a lokacin suke ƙarasa bushewa, ga wanki da huda da fenti suna jira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Baba ya ce shi kullum shekara guda yake gaba, duman bana gidan baɗi ne. Abin da ya cece ni shi ne sabon wuri ba tsofaffin tsuntsaye ne suke kama shi ba. Su suna komawa inda suka ƙyanƙyasa bara. 'Yan shekara ɗaya, waɗanda suke isowa makonni huɗu zuwa shida ko fiye a bayansu, su ne masu neman sabon gida. Wannan ya ba ni har tsakiyar Afrilu. Na haɗa da biyar ɗin da aka tsinto a tarin ganye, waɗanda suka shekara a bushe, na fara da su.

Wankin ba wuya sai ƙazanta. A jiƙa gora a ruwan ɗumi kamar rabin awa, a danne ta da jiƙaƙƙen tawul saboda tasowa take yi, sannan a dirje da soson ƙarfe. Baƙin duk ya fita. A bar ta ta sake bushewa kwana biyu. Wajen hudawa da rarake ciki dole a sa takunkumi a kuma yi a waje, domin ƙurar busasshiyar totuwa da fumfuna tana shaƙe maƙogwaro, ɗacinta ya wuni a baki. Yaron nan mai asma ban bar shi ya matso ba sai da aka zo fenti.

Ƙofa ita ce wurin da ilimin mutanen nan ya fi zurfi. Da can zagayayyen rami ake yi mai faɗin inci 2 da ɗan kai. Sai dai akwai wani tsuntsu dangin shaya da aka kawo daga Turai aka saka a babban lambun birnin New York a 1890 da 1891, ya yaɗu ya cika nahiyar. Yana shiga gidan matin ya fasa ƙwai, ya kashe 'ya'ya, wani lokaci har uwar. Maganin da aka samo shi ne ƙofa mai siffar jinjirin wata a kife, tsayinta milimita 30, wadda matin take iya kutsawa amma ƙirjin wancan ba ya wucewa. In aka ƙara milimita ɗaya ko biyu maƙiyi ya shiga, in aka rage mai gida ta kasa. A jikin gora mai lanƙwasa yanka wannan daidai da hannu yana da wuya, don haka na sayi ƙofofin da aka riga aka yanka na manna. Ƙungiyar kare matin da aka kafa a 1987 a jihar Pensilbaniya ta yi aiki sosai wajen yaɗa wannan dabara. Wurin ƙofar ma da ƙa'ida, a tsakiyar ciki take, tana kallon gaba sak. In ta kalli sama ruwa ya shiga, in ta kalli ƙasa 'ya'ya su faɗo.

Na huda ƙananan ramuka biyar a gindi don ruwa ya tsiyaye, biyu a wuya don wayar ratayewa, da wani babba a gefe mai murfi wanda hannu zai shiga a duba sheƙa a kuma share. Baba yana tsoma nasa a ruwan wani shuɗin gishirin tagulla da yake hana ruɓa. Ni ban yi ba, saboda guba ne ga kifi kuma akwai rafi a bayanmu, ban san inda zan zubar da ragowar ba. Wataƙila nawa ba za su kai nasa daɗewa ba, na yarda da hakan. Waje kawai ake yi wa fenti, kuma fari, saboda zafin Yuni da Yuli. Ciki a bar shi da kaushinsa don farcen tsuntsu ya samu abin kamawa. Na zuba busasshen ganyen itacen fayin, mai siriri kamar allura, cike da hannu biyu a kowace.

Sandar ta kai ƙafa 14, da igiya da ake sauke gorunan a ɗaga su kamar tuta. An kafa ta a tsakiyar fili, nesa da dogayen itatuwa da kamar ƙafa 40 ko fiye, domin matin tana son sarari, shaho kuma a itace yake laɓewa. Amma ba a kai ta nesa da gida ba. Tsuntsuwar ta fi natsuwa kusa da mutane. A ƙasan sandar na sa wani bututun kwano mai faɗi da yake hana maciji da dabbobin dare hawa. Na rataye takwas.

Waɗanda suka fara zuwa gwara ne, su ma baƙi ne da aka kawo daga Turai tun shekarun 1850, kuma jinjirin wata ba ya hana su. Kullum sai na sauke gorunan na fitar da ciyawar da suka cusa. Dokar tarayya ta 1918 da take kare tsuntsaye masu ƙaura ta hana taɓa sheƙar matin da ƙwanta, amma ba ta rufe gwara da wancan dangin shaya ba. Mako biyu muna wannan da su. A ƙarshen Afrilu, da sassafe bayan na idar da sallah, na ji wani kuka kamar ana zuba ruwa daga buta. Wani saurayin matin ne, cikinsa fari-fari da ɗigon baƙi, bai gama rinewa ba, yana leƙa ƙofa yana ja da baya. Kwana uku yana fama da jinjirin watan kafin ya iya shiga. Bayan mako guda ya zo da mace.

Gorar da suka zaɓa tana cikin biyar ɗin da na zubar. Suka kawo laka suka yi ɗan tudu a bakin ƙofa, suka shimfiɗa ɗanyen ganye, ta yi ƙwai huɗu farare. Bayan kwana 16 uku suka ƙyanƙyashe, ɗaya bai yi ba. Ukun duka sun tashi a cikin Yuli. Kafin tsakiyar Agusta fili ya yi tsit, nawa da na Baba duk sun tafi.

Yawancin masu wannan sha'awa a yau gorunan roba suke saya, an yi su da ƙofa da murfi da komai, ba fumfuna ba jiran wata biyar. Ba na ganin laifinsu, tsuntsayen ma suna shiga, kuma a wurin tsuntsun da ba shi da gida sai wanda aka ba shi, yawan gidajen ya fi muhimmanci. Amma ni na ga yadda roba ta kori ƙwarya a kasuwanninmu, har gyartai mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya ya zama sai an yi cigiya. Ba zan iya noma duma a bayan gidana in je in sayi kwaikwayonsa ba. Kuma in ka sa hannu cikin gorar gaske da tsakar rana za ka ji kaurin ɓawon ya tare zafi, ga ta ba nauyi, iska tana kaɗa ta, abin da maƙiyan matin ba su cika so ba.

A Satumba na sauke takwas ɗin, na kwashe tsohuwar sheƙa, na wanke na shanya, na jera su a rumfa inda ruwa ba ya taɓa su. Ɗaya ta yi ɗan tsagu a wuya inda waya take gogawa. Na huda ƙananan ramuka a gefe da gefen tsagun na ɗinke da zare mai kauri, yadda na ga gyartai yana yi a ƙofar gidanmu ina yaro, na shafe da gam. Baba ya karɓa ya juya ta ya daɗe yana duba ɗinkin, ya ce in nuna masa yadda ake yi, yana da guda uku da ya ajiye ya kasa zubarwa. Na bana kuwa suna kan katako tun Nuwamba, guda 30, sun yi baƙi ƙirin da fumfuna. Ranar Asabar da ta wuce na danna su ɗaya bayan ɗaya, biyu sun yi laushi na fitar, sauran suna nan da tauri.